Kundin Aikin Ɗanɗana Giyar Bitta: Daga Kashi 3.9 Zuwa Kashi 3.4

Talata, 10 ga Satumba, 2024

Yau kwamitinmu na masu ɗanɗano ya fara zama a kan aikin da wata ƙaramar masana'antar giya ta gundumar Derbyshire, a tsakiyar Ingila, ta ɗora mana. Masana'antar tana da giya guda wadda ita ce ke riƙe da cinikinta, wato bitta, irin giyar Ingila mai ɗan ɗaci, mai ƙarfin barasa kashi 3.9 cikin 100, wadda ake kai wa mashayun garuruwan kewaye a cikin ganga. Abin da mai masana'antar yake so ya sani shi ne ko za a iya sauko da wannan ƙarfi zuwa kashi 3.4 ba tare da giyar ta rasa abin da ya sa mutane suke komawa gare ta ba. Haraji ne ya kawo maganar. Tun daga 1 ga Agusta, 2023, gwamnatin Birtaniya ta sake tsarin harajin barasa, ta yadda giyar ganga da ba ta kai kashi 3.5 ba take biyan fam 8.42 a kan kowace lita ta tsantsar barasar da ke cikinta, wadda kuwa ta kai 3.5 ko ta ɗara take biyan fam 19.08. Ƙananan masana'antu suna samun rangwame a kan kuɗin biyu, amma tazarar tana nan, kuma manyan kamfanoni da dama sun riga sun sauke giyarsu zuwa 3.4, har da Greene King IPA wadda a da take 3.6.

Rabona a cikin aikin, tun da kimiyyar abinci na karanta, shi ne tsara gwaje-gwaje da rubuta abin da aka samu. Mun fara da giyar asali, domin wanda bai san abin da yake hannunsa ba ba zai gane abin da ya ɓace masa ba. Ana yin ta da tsiron sha'ir irin Maris Otter, wanda aka fito da shi a Kambirij a tsakiyar shekarun 1960, sai ɗan tsiron kiristal, wato wanda aka gasa da danshinsa har sukarin cikin ƙwayar ya yi ja. Furen hof iri biyu ake sakawa: Challenger a farkon tafasa domin ɗaci, da East Kent Goldings a ƙarshe domin ƙamshi.

An jawo mana ita da famfon hannu a zafin digiri 12. Launinta na tagulla ne, kuma ta washe har ana ganin yatsun hannu ta bayan tambulan. Kumfarta fara ce mai laushi, tana barin zane a jikin gilashi duk inda giyar ta sauka. A hanci akwai garɗin gasasshen burodi, da ɗan ƙamshin ɓawon lemu, da wani abu mai kama da busasshiyar ciyawa wanda Goldings ke bayarwa. A baki zaƙin tsiro ne yake fara zuwa, ba ya daɗewa sai ɗaci ya biyo baya ya share shi, bakin ya bushe, mutum ya ji yana son wata kurɓar. Alƙalin giya dole ya haɗiye, ba kamar na giyar inabi da ke iya tofarwa ba, saboda rabin hukuncin yana cikin abin da ya rage a maƙogwaro bayan an haɗiye.

Talata, 17 ga Satumba, 2024

Zaman yau na daidaita harsuna ne. Na zuba sinadaran aibu a cikin giya marar laifi, kowanne a tambulan dabam, na bar mutane su gano su da kansu: dayasetil mai warin man shanu, asetaldihayid mai kama da ɗanyar tuffa, warin dafaffiyar masara, da warin jiƙaƙƙen kwali da ke nuna giya ta sha iska ta tsufa. Sunayen da muke amfani da su sun samo asali ne daga jadawalin ɗanɗanon giya da Morten Meilgaard da abokan aikinsa suka tsara a shekarun 1970, kuma amfaninsa shi ne idan mutum biyu suka ce man shanu, abu guda suke nufi. Ɗaya daga cikinmu, wadda ta fi kowa saurin kama tsami, ba ta jin dayasetil ko da an ninka shi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wannan sana'a, kuma na rubuta shi domin a san nauyin da za a ba makinta a wannan fanni.

Gardama ta tashi a kan takardar maki. Tsarin BJCP, shirin tantance alƙalan giya na Amurka, yana raba maki 50 kamar haka: ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda giya ke zama a baki 5, sai ra'ayin alƙali gaba ɗaya 10. Ƙungiyar CAMRA kuwa, wadda aka kafa a 1971 domin kare giyar ganga, tana ba mambobinta ma'auni daga 0 zuwa 5 kawai, su auna giyar kamar yadda aka miƙo musu ita a mashaya. Na goyi bayan a yi amfani da duka biyun, kuma ga dalilina. Takardar maki 50 tana tilasta wa alƙali ya faɗi abin da ya ji dalla-dalla, amma an gina ta a kan 'yan kurɓa kaɗan, don haka takan fifita giyar da ke da ƙarfin ƙamshi tun daga kurɓar farko. Bitta ba don haka aka yi ta ba. An yi ta ne a sha fayint guda, wato mililita 568, a hankali ana hira, kuma sau da yawa giyar da ta burge a kurɓar farko ita ce take gundurar mutum kafin ya kai rabin tambulan. An amince cewa duk gwajin da ya tsallake matakin farko sai an shanye masa cikakken fayint kafin a yanke hukunci.

Talata, 24 ga Satumba, 2024

Mun zaga mashayu domin mu tuna wa kanmu faɗin abin da ake kira bitta, kuma mun nemi na ganga ne kawai, saboda na kwalba yakan bambanta. London Pride, alal misali, kashi 4.1 ce a ganga amma 4.7 a kwalba. Landlord ta kamfanin Timothy Taylor da ke Keighley, mai kashi 4.3, wadda ta ci kambin gwarzuwar giyar Birtaniya sau huɗu, ta fi tamu haske da ƙamshin fure, kuma ɗacinta ya fi tsawo. London Pride ta Fuller's ta fi karkata ga tsiro, tana da ɗan zaƙi mai kama da lemun da aka dafa da sukari. Tamu tana tsakaninsu, ta fi kusa da London Pride a launi, ta fi kusa da Landlord a bushewar ƙarshe. A rabon da BJCP ya yi, bitta ta yau da kullum tana tsakanin kashi 3.2 da 3.8, ta sama da ita tsakanin 3.8 da 4.6, don haka abin da ake nema a gare mu, a gaskiya, shi ne mu sauya wa giyar aji ba tare da masu shanta sun ji an rage musu komai ba.

Talata, 8 ga Oktoba, 2024

Gwaji na farko ya iso. Shugaban masu dafawa ya bi hanya mafi sauƙi da gangan, ya rage tsiro ya bar komai yadda yake, domin mu ga inda giɓin zai fito.

Na shirya gwajin tambulan uku. Ana ba kowane mutum tambulan uku masu duhu da lambobi a jiki, biyu giya ɗaya ce, ɗaya ta bambanta, a ce ya nuna baƙuwar. Wanda ya yi canke kawai yana da damar dacewa sau ɗaya cikin uku, saboda haka idan mutum 18 suka zauna, sai aƙalla 10 sun dace kafin a ce bambancin na gaske ne ba sa'a ba. Mun cika adadin da ma'aikatan masana'antar da wasu tsofaffin masu sayen giyar. Mutum 14 suka dace, kuma yawancinsu ba su ɓata lokaci ba.

Abin da suka rubuta ya yi daidai da abin da na ji. Giyar ta tsinke, ta zama ruwa-ruwa a tsakiyar harshe, kuma ɗacin da a da yake zuwa bayan zaƙi yanzu shi ne ke tarar mutum tun a bakin ƙofa. A awon ɗakin gwaji ɗacin bai wani ƙaru ba, yana nan wajen 32 a ma'aunin IBU, amma abin da yake jingina da shi ya ragu. Barasa da kanta tana da ɗan zaƙi da nauyi a baki, sauran sukarin da yis bai cinye ba shi ma haka, to da aka rage su biyun sai ɗaci ya tsaya shi kaɗai. Har da ɗan bauri a dasashi, wanda babu shi a ta asali. Ɗacin bitta mai kyau ya kamata ya yi irin na goro, wanda yake kama baki sannan ya saki ya bar ɗan zaƙi a baya. Na wannan gwaji ya kama bai saki ba. Na ba ta 29 cikin 50, kuma ba mu kai ta matakin cikakken fayint ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba, 2024

Mun zauna da shugaban masu dafawa a kan abin da za a gyara. Zai ɗaga zafin jiƙon tsiro daga digiri 66 zuwa 69, domin a wannan zafi ana samun ƙarin sukarin da yis ba ya iya cinyewa, wanda zai zauna a cikin giya ya ba ta kauri. Zai ƙara kiristal kaɗan, ya sa ɗan tsiron alkama saboda kumfa, ya rage Challenger har ɗaci ya sauko wajen 27.

Maganar ruwa ce ta fi ɗaukar lokaci. Masana'antar tana zuba jifsam, wani farin ma'adini, a ruwanta, al'adar da aka koya daga garin Burton da ke nan kusa a Staffordshire, inda ruwan rijiyoyi ke ratsa duwatsun jifsam, abin da ya ɗaukaka giyar garin a ƙarni na 19. Salfet ɗin da ke cikin jifsam yana kaifafa ɗaci ya busar da ƙarshen giya, kuloraid kuwa yana cika baki ya tausasa ta. Na ba da shawarar a rage na farkon a ƙara na biyun. Shi kuma ya ce bushewar nan ita ce alamar gidansu, kuma idan aka taɓa ta da yawa za a sami giya mai daɗi wadda ba tasu ba ce. Ina ganin yana da gaskiya a kan iyakar, don haka muka tsaya a ragi kaɗan.

Talata, 29 ga Oktoba, 2024

Gwaji na biyu ya gyara kaurin, amma ya zo da wata matsala. Tun kafin tambulan ya kai baki, uku daga cikinmu sun ɗago kai, saboda warin man shanu ya fito fili, kuma a harshe akwai santsi irin na mai. Domin in tabbatar, na ɗebi giyar a kwalba biyu masu murfi, na sa ɗaya a ruwan zafi mai digiri 60 na kimanin minti 15, na sanyaya ta, sannan muka shinshina su gefe da gefe. Wadda aka ɗumama ta fi ɗayar wari nesa ba kusa ba, wanda ke nuna akwai sauran sinadarin da ke rikiɗewa ya zama dayasetil yana jira a cikin gangar.

Sanadin ba ɓoyayye ba ne. Yis ɗin gidan irin na Ingila ne mai saurin dunƙulewa ya kwanta, kuma da abincinsa ya yi ƙaranci sai ya gama aiki da wuri. An ga awon sukarin da ya rage a giyar ya daina sauka, aka sanyaya tankin, alhali yis yana bukatar ƙarin kwana ɗaya ko biyu a ɗumi domin ya sake shanye dayasetil ɗin da ya haifar.

Kwamitin ya rabu a nan, kuma rabuwar tana da ma'ana. Wasu sun ce ɗan dayasetil halal ne a bitta, tun da ƙa'idojin salon ma sun yarda da kaɗan, kuma a giya marar ƙarfi santsinsa yana rufe giɓin da barasa ta bari. A kurɓar farko na kusa yarda da su, domin giyar ta ji kamar ta fi kashi 3.4. Amma mun yi alkawarin cikakken fayint, kuma a nan ne hujjarsu ta faɗi. Da giyar ta ɗan ɗumama a hannu, man shanun ya yi ta ƙaruwa yana danne ƙamshin Goldings, kuma kafin kashi na ƙarshe na tambulan bakina ya gaji, ba na marmarin wata kurɓar. Biyu daga cikin masu kare ta sun bar saura a tambulan, na kuma rubuta hakan a matsayin sakamako, domin a ganina ya fi makin da suka bayar faɗin gaskiya.

Talata, 5 ga Nuwamba, 2024

A kasafin kuɗin da Ministar Kuɗi Rachel Reeves ta gabatar ranar 30 ga Oktoba an ce za a rage harajin giyar ganga da kashi 1.7 cikin 100 daga Fabrairun 2025. Ragin bai taɓa iyakar 3.5 ba, don haka aikin yana nan yadda yake.

Kafin gwaji na uku ya nuna, mun yi amfani da makon wajen duba abin da ke faruwa bayan giya ta bar masana'anta, domin bitta ta ganga ba a gama ta a masana'anta. A ɗakin ƙasa na mashaya take ƙarasa nuna. Gangar da aka fi amfani da ita tana ɗaukar galan 9, wato fayint 72. Ana kwantar da ita a kan gadonta, a huda toshiyar sama a sa tsinken katako mai barin iska ta fita, a jira ta lafa, yayin da wani ruwan tacewa da ake samu daga jakar iskar cikin kifi yake jawo yis zuwa ƙasa. Daga lokacin da aka fara ja, iska tana shiga ta maye gurbin duk fayint ɗin da ya fita, shi ya sa ake so a shanye ganga cikin kwana uku.

Wata mai mashaya ta ba mu wuri muka kwantar da ta asali da gwaji na biyu gefe da gefe, a ɗaki ɗaya mai digiri 12, muna ɗanɗana su kowace yamma. A rana ta farko duka biyun suna da ɗan kaifi. Rana ta biyu ita ce ganiyarsu, kuma a ranar ta asali ta kai 4 cikin 5 a wurina. A rana ta uku ta asali tana nan da ranta, amma ta gwajin ta fara yin lami, ƙamshin hof ya janye, kuma a ta huɗu an fara jin alamar tsami a cikinta alhali ɗayar ba ta kai nan ba. Ganga ɗaya ba ta isa hujja ba, amma abin ya dace da abin da aka sani, cewa barasa da hof su ne ke kare giya daga lalacewa, kuma mun rage su duka biyun. Wannan ya dame ni fiye da dayasetil, saboda dayasetil ana gyara shi a tanki, amma mashayar ƙauye da ba ta sayar da fayint 72 cikin kwana uku ba ta da yadda za ta yi, kuma mai sha ba zai zargi ɗakin ƙasa ba, sunan da ke jikin famfo zai zarga.

Mun kuma gwada ja da ɗan murfin nan mai ƙananan huji da ake ɗaurawa a bakin famfo, wanda mashayun arewacin Ingila suke so, na kudu kuwa galibi ba sa amfani da shi. Yana ba da kumfa mai kauri, yana kuma tausasa ɗaci. Ga giyar 3.4 ya taimaka ƙwarai wajen cika baki, ko da yake ya ɗauke wani ɓangare na ƙamshin.

Talata, 19 ga Nuwamba, 2024

An bar gwaji na uku kwana biyu a ɗumi kafin a sanyaya, aka kuma jefa ɗan busasshen Goldings a cikin kowace ganga. Gwajin ruwan zafi bai nuna man shanu ba. A gwajin tambulan uku, mutum 9 cikin 18 ne suka gano baƙuwar, wato ba a kai 10 da ake bukata ba. Mai masana'antar ya yi murna, sai da na ja hankalinsa cewa rashin kai wa 10 ba ya nufin giyar biyu ɗaya ce. Yana nufin da wannan adadin mutane ba mu iya tabbatar da bambancin ba, kuma kusan duk horarrun cikinmu suna cikin taran da suka dace.

Giyar kanta tana da kyau, kuma ina faɗin haka da zuciya ɗaya. Launin ya ɗan fi na asali duhu saboda ƙarin kiristal. Hancin ya fi na asali armashi, ɓawon lemu da ciyawa sun fito sarai a kan garɗin biskit. Tsakiyar harshe ta cika, baurin ya tafi, ɗacin yana zuwa a lokacinsa yana kuma saki. Inda ta gaza shi ne tsawon ƙarshe: ta asali tana barin ɗumi da garɗi a maƙogwaro na ɗan lokaci, wannan kuwa tana yankewa da wuri. Na ba ta 39 cikin 50, ta asali 41, kuma a cikakken fayint babu wanda ya bar saura.

Shawarar da na rubuta wa masana'antar ita ce kada a sauya giyar a ɓoye a ƙarƙashin tsohon suna. Wanda ya shekara goma yana shan abu guda kowace Juma'a ya fi kowane kwamiti sanin ƙarshensa, kuma idan ya ga lamba ta canja a jikin famfo ba a gaya masa ba, zai ji ragin ko da harshensa bai ji ba. Gara a fitar da ta 3.4 da sunanta, a sa ta kusa da ta asali, a bar ciniki ya nuna. Mai masana'antar bai amince ba tukuna, domin tankunansa ba su da yawa, kuma giya biyu masu kama da juna suna iya raba masa kasuwa guda, kowace ganga ta daɗe a kan gado fiye da kwana uku. Wannan damuwa ce ta gaske, kuma ta sake mayar da mu ga tambayar kwana nawa giyar ke jurewa.

Talata, 26 ga Nuwamba, 2024

An dafa gwaji na huɗu jiya a kan tsarin na uku ba tare da canja komai ba, domin a ga ko za a iya maimaita shi. Za a zuba rabinsa a ƙananan ganguna masu galan huɗu da rabi, wato fayint 36, saboda mashayun da cinikinsu bai kai ba. Mashayu uku sun yarda su karɓa a mako na biyu na Disamba, ɗaya mai cunkoso a cikin gari, biyu a ƙauye. Na shirya musu takardar da za su riƙa rubuta zafin ɗakin ƙasa, da ranar da aka huda ganga, da ranar da ta ƙare, mu kuma za mu bi su mu ɗanɗana a rana ta biyu da ta huɗu. Zaman kwamiti na gaba zai kasance ranar 17 ga Disamba, bayan takardun sun dawo.